Kafin a kori akawu, a tambayi ƙofa ta 17

A cikin watan Afrilu, sa'ad da rana ke dukan Maraɗi har kwalta ta yi laushi, wani babban Alhaji mai sayar da shinkafa da mai da sukari a kan sari ya yanke shawarar sallamar akawun mangazarsa in wata ya mutu. Yaron ya shekara shida a gidan, ba a taɓa kama shi da ko tiya ɗaya ta shinkafa ba. Laifinsa guda ne: kullum in azahar ta gabato sai ya aiko buro ya ce layi ya yanke, faktir ba ta fita. Manyan motoci masu zuwa Tasawa da Dakoro da Damagaram su yi ta jira a bakin ƙofa, ƴan dako su koma inuwa, masu kaya su yi ta kiran Alhaji a talho. Kayan da ya kamata a loda da azahar sai bayan la'asar, wata rana ma motar ta kwana.

Kasuwa kuwa ba ta rasa masu fassara. Aka fara raɗe-raɗi cewa yaron ne ke zare wayar da gangan, domin a koma rubutu da hannu, a cikin hayaniyar kuma buhu ɗaya ko biyu su yi ɓatan dabo. Abin da ya ƙara wa zancen ƙarfi shi ne, sau biyu ana kiran mai gyara, duka biyun kuwa da safe ya zo, ya tarar da komai lafiya lau, ya karɓi kuɗin mansa ya tafi. Aka sayi sabuwar kwamfuta aka kai mangaza, ba ta sauya zane ba. Aka yi wa kamfanin intanet faɗa ta talho, suka turo ma'aikacinsu, ya gwada nasu layin ya ce ƙalau yake. Da aka wanke kowa, sai zargin ya sauka kan wanda ya fi kowa rauni.

Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa zama gaban kwamfuta, jama'a sun yi layi suna jiran takardar haihuwa ko ta albashi, ya san irin wannan ciwo. Na'urar da ta mutu gaba ɗaya ta fi sauƙin sha'ani, domin kowa na ganin gawarta, a ɗauke ta a kawo wata. Wadda ke tafiya tana dawowa ita ce mai haɗa mutane faɗa, saboda ba ta nuna halinta gaban baƙo.

Tsarin gidan Alhaji bai bambanta da na yawancin buro-buro ba. A cikin wani kabad akwai akwatin ƙarfe mai faɗi, mai ƙofofi 24 jere da juna, kowace da ƴar fitilarta. Masu sana'ar suna ce masa suwic. Kowace kwamfuta ta gidan, da na'urar buga takarda, da kyamarorin tsaro, da akwatin intanet, kowanne yana da kabul ɗinsa da ya taho ya shiga ƙofa ɗaya. Aikin akwatin shi ne na dillali: ya karɓi saƙo daga wannan ƙofa, ya duba ga wa aka aiko, ya miƙa shi ta waccan. Babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya tana cikin buro, akawu kuma yana can mangaza bayan gida, saboda haka kowace faktir sai ta bi ta ƙofa ta 17.

Akwatunan nan iri biyu ne. Akwai beben akwati mai araha, wanda aikinsa raba saƙo kawai, ba ya tuna komai. Akwai kuma wanda ake iya sarrafawa: a shiga cikinsa ta kwamfuta da kalmar sirri, a ba shi umarni, a kuma karanta abin da ya rubuta. Wanga na biyu yana riƙe da rajista, yana ƙidaya abin da ya wuce ta kowace ƙofa da abin da ya lalace a hanya. Shi Alhaji ya saya, kuma ya biya jikkuna masu yawa. Abin takaici, tun ranar da aka kafa shi ba wanda ya ƙara leƙa cikinsa. Wannan hali ya zama ruwan dare a ma'aikatu: a sayi doki da tsada a ɗaure shi ana yi masa aikin jaki, kalmar sirri kuma ta tafi da wanda ya yi aikin.

Saura kwana tara wata ya mutu, wani tsohon abokin cinikin Alhaji ya turo ɗiyarsa, wadda ta yi karatun na'ura a Yamai. Yini guda ta yi tana neman kalmar sirri ta talho kafin a samo ta. Da ta shiga, maganarta ta farko ita ce:

— Baba, don Allah kada kowa ya kashe akwatin nan, ko na minti ɗaya.

— Ɗiyata, ai kullum kashewa muke yi mu kunna. Shi ne maganinsa.

— Shi ya sa har yau ba a san ciwon ba, Baba.

Gaskiya ta faɗa. Yawancin akwatunan nan suna ajiye rajistarsu ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke, sai fa in an umarce su su riƙa aika kwafi ga wata kwamfuta. Duk wanda ya kashe ya kunna, ya yage shafin da shaidar take. Kuma da yawansu ba su da agogo mai batir. In sun tashi sai su soma ƙirga daga wata tsohuwar shekara da aka dasa musu a masana'anta. Rajistar Alhaji ta nuna ƙofa ta 17 tana faɗuwa tana tashi, amma kwanan watan shirme ne. Sai ta saita agogon, ta haɗa shi da agogon intanet, ta share tsohuwar ƙidaya domin a fara daga sifiri, ta ce sai gobe. Alhaji bai ji daɗi ba. A ganinsa mai gyaran da bai kwance ko ƙusa ɗaya ba bai yi aiki ba.

Kalmar "layi ya yanke" tana ɗauke da abubuwa dabam-dabam da ba su da dangi. Wani lokaci intanet ce ta tafi daga waje, alhali cikin gida komai na tafiya. Wani lokaci babbar kwamfutar ce ta gaji. Wani lokaci kuma ƙofar ce da kanta ta rasa abokin maganarta, fitilarta ta mutu. Tambayar farko ke nan, kuma rajista ce ke amsa ta. Washegari da yamma ga abin da aka tarar: daga ƙarfe 7 na safe har tsakar rana, shiru. Gab da ƙarfe 1 ƙofa ta 17 ta faɗi karo na farko. Kafin ƙarfe 5 ta faɗi fiye da sau arba'in. Bayan magariba ba ta ƙara motsi ba. Sauran ƙofofi 23 kuwa ba wadda ta ko gyangyaɗa, akwatin kansa bai mutu ba tun jiya. Da wannan shafi ɗaya kamfanin intanet ya fita, kuran ya fita, domin da wuta ce ke wasa da akwatin da duk ƙofofin sun faɗi tare cikin daƙiƙa guda.

Sai dai shafin ya zo da wani abu da ya so ya ƙara tsunduma akawu. Rajista ta ce kowace faɗuwa daƙiƙa biyu ce ko uku. Shi kuma kullum cewa yake yi sai ya jira wajen rabin minti. Alhaji ya ce to ga ƙaryar ta fito. Ba ƙarya ba ce. A shekarar 1985 wata injiniya Ba'amurkiya mai suna Radia Perlman ta ƙirƙiro wata dabara ta hana saƙo zagayawa ba iyaka in an haɗa akwatuna da kabul fiye da ɗaya. A tsohon tsarin dabarar, duk ƙofar da ta tashi ba ta buɗewa nan take: tana sauraro daƙiƙa 15, tana koyon adireshi daƙiƙa 15, sannan ta bar saƙo ya wuce. Fitila ta yi kore, amma ƙofar a rufe take har daƙiƙa 30. An fito da tsari mai sauri a 2001, kuma ana iya gaya wa akwati cewa wannan ƙofa kwamfuta ɗaya ce tak a bayanta, ya buɗe ba jira; amma ba wanda ya gaya wa na Alhaji. Cikin wannan rabin minti manhajar faktir takan yanke ƙauna ta rufe, yaron ya sake shiga, ya sake rubuta abin da ya ɓace, bai gama ba ƙofar ta sake faɗuwa.

Abin da ya wanke shi sarai yana cikin ƙidaya. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule cikin kabul. Ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kuma a ƙarshensa akwai wani ɗan lissafi da mai aikawa ya yi a kan abin da ke ciki, kamar jimillar da ake rubutawa a ƙasan takardar kaya. Mai karɓa ya sake lissafin; in bai yi daidai ba ya jefar da ƙunshin, ya ƙara ɗaya a kan ƙidayar da ake kira CRC. Ƙa'idar layin megabit 1000 ba ta yarda da kuskure fiye da ɗaya cikin miliyar 10 ba, wato a kan lafiyayyen kabul ƙidayar nan takan yi kwanaki tana kan sifiri. A ƙofa ta 17 da safe sifiri ce. Da ta zauna tana kallo bayan tsakar rana, sai ga ta tana hawa, goma, ɗari, dubbai, sannan ƙofar ta faɗi. Mutumin da ya zare kabul yakan yanke magana ne gaba ɗaya, cak. Ba shi da hanyar da zai riƙa gurɓata ƙunshi ɗaya cikin ɗari na tsawon mintoci kafin yankewar. Wannan aikin ƙarfe ne mai ciwo.

— Baba, ba hannun mutum ba ne, in ji ta.

Alhaji ya yi shiru, ya ce to a nemo masa mai laifin.

A nan ne masu gyara da yawa ke yin asarar kuɗin mutane. In suka ga ciwo sai su sauya abu uku a lokaci ɗaya. In ya warke ba su san wanne ya warkar ba, in bai warke ba sun ƙara ruɗa kansu. Tsakanin akwati da kwamfutar akawu abubuwa biyar ne kacal: ƙofar, ɗan gajeren kabul na cikin kabad, dogon kabul da ya ratsa gida, ɗan gajeren kabul na mangaza, da ƙofar kwamfutar. Ana sauya ɗaya, a jira lokacin da ciwon ya saba tashi, a duba ƙidaya. Ta zare kabul ɗin daga ƙofa ta 17 ta mayar ta 18, bayan ta kwafe mata umarnin ta 17, domin a akwatin da ake sarrafawa ƙofofi ba lalle su zama ɗaya ba. Ciwo ya bi shi can. Ke nan ƙofar lafiyarta lau. Ta kai tata ƙaramar kwamfuta mangaza ta jona a madadin ta akawu, ciwon bai fasa ba. Sabuwar kwamfutar da aka saya an saye ta a banza ke nan. Ta sauya gajerun kabul biyun, ɗaya bayan ɗaya. Saura dogon.

Kabul ɗin kwamfuta sili takwas ne a cikin riga ɗaya, an murɗa su biyu-biyu: masu ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki, shi ya sa wanda ya warware shi da tsawo sa'ad da yake matse kan kabul, ko ya haɗa silin wannan da na wancan, ya riga ya shuka ciwo ko da fitila ta kama. Layin megabit 10 na 1990 da na megabit 100 na 1995 suna aiki ne da murɗi biyu kawai, mai ruwan lemo da kore. Na megabit 1000, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da shi a 1999, yana bukatar duka huɗun, in ɗaya ya gaza ya faɗi. Kuma duk lokacin da aka jona kabul, ɓangarorin biyu sai sun yi ciniki: kowanne ya faɗi irin gudun da yake iyawa, a sallama a kan mafi girma da dukansu suka iya. Wasu na'urori in sun gwada 1000 sau da yawa ya ƙi, sukan sauko 100 da kansu. Saboda haka duk wanda ya ga ƙofar da ya kamata ta yi 1000 tana kan 100, ya fara zargin sili kafin komai.

Akwatuna da yawa masu irin darajar na Alhaji suna iya gwada kabul da kansu. Akwatin ya aika ɗan bugu cikin kowane murɗi ya saurari amsa-kuwwa, kamar mai jefa tsakuwa rijiya yana ƙirga lokaci don ya san zurfinta. Awon ba ya faɗa daidai wa daida, yakan kauce da ƴan mitoci, kuma yana yanke layi yayin da ake yinsa, don haka ba a yi ana cikin lodi. Da sassafe gwaji ya ce murɗi huɗu lafiya, tsawo wajen mita 120. Da ƙarfe 3 na rana ya ce uku na nan yadda suke, amma mai ruwan ƙasa ya tsaya a wajen mita 70.

Tun daga lambar farko akwai magana. Iyakar da ƙa'ida ta yanka wa kabul na jan ƙarfe mita 100 ce daga na'ura zuwa na'ura, 90 na dogon da 10 na gajerun, kuma an yi lissafin ne a kan sanyin digiri 20. Jan ƙarfe yana ƙara taurin kai ga lantarki da wajen kashi 0,4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. A garin da inuwa kanta ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, mai hankali ba ya kusantar mita 100, balle ya wuce.

Aka kafa tsani. Kabul ɗin ya fita ta tagar buro, ya bi katanga, ya hau rufin kwano na mangaza ya kwanta a kai tsirara, ba bututu. Rigarsa ta cikin ɗaki ce, rana ta cinye ta har tana farfashewa a hannu. A daidai inda gwaji ya nuna aka tarar da ƙulli: kabul ɗin bai kai ba, mai aikin ya ƙara wani, ya murɗa silin da hannu kamar mai gyaran wayar fanka, ya naɗe da baƙin salatif. Da safe ƙarfen ya yi sanyi ya matse, silin na taɓa juna. Rana ta buɗe, kwano ya ɗau zafi, salatif ya saki, mai ruwan ƙasa ya soma taɓawa yana saki. In ya saki ƙofa ta faɗi. In ya taɓa, ciniki ya ga murɗi huɗu sun cika, a sake sallamawa a kan 1000, a sake faɗuwa.

Ta sa wuƙa ta kankare sili ɗaya. Ja ne a sama, fari a ciki. Alminiyom ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi, aka yi masa fenti da jan ƙarfe. Irin wanga kabul ya cika kasuwanni, kwalinsa da rubutunsa ba su da bambanci da na gaske, sai dai ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi araha. Alminiyom ba ya ɗaukar lantarki sai wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, yana karyewa in an lanƙwasa shi, kuma inda aka yanke shi iska na yi masa wata fata da ke hana haɗuwa. Ƙa'idojin kabul ba su san da shi ba. Ɗan kasuwar da zai sa hannu cikin buhu ya murza shinkafa kafin ya saya bai kamata a sayar masa da kwalin kabul bai kankare sili ɗaya ba.

Motoci ba su jiran a ja sabon layi, don haka ta yi gyaran wucin gadi. Ta yanke ƙullin ta sa mahaɗi na gaske, ta ɗaga kabul ɗin daga kan kwano, ta gaya wa ƙofar cewa kwamfuta ɗaya ce a bayanta, sannan ta umarce ta da kada ta taya fiye da megabit 100 a wajen ciniki. Faktir ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. A lura da kyau: ta rage tayin ne, ba ta hana cinikin ba. Akwai tsohuwar ɗabi'a ta masu gyara, su ɗaure ƙofa a kan 100 su kashe ciniki a gefe ɗaya, su bar ɗaya gefen yadda yake. Gefen da aka bari yana iya gane gudun, amma ba ya iya sanin ko an yarda a yi magana a lokaci ɗaya, sai ya ɗauka bi da bi ne, kamar masu rediyon hannu. Ɗaya na magana ba ya saurare, ɗaya na tsayawa duk sa'ad da aka katse shi. Fitila ba ta mutuwa, layi kuwa ya zama kunkuru, kuma ciwon ya fi na farko wuyar ganewa. In za a ɗaure, a ɗaure gefe biyun daidai. Layin 1000 kuwa ba ya tashi sam in ba ciniki.

Ba kowace ƙofa mai faɗuwa ce ke da labarin rufin kwano ba, amma lokacin faɗuwar kusan kullum yana nuna hanya. Wadda ke faɗuwa da dare, kuma kyamara ce a bayanta mai shan wuta ta cikin kabul, a duba ƙarfin akwatin: ƙa'idar 2003 ta ba kowace ƙofa wat 15,4, ta 2009 ta kai 30, amma jimillar da akwati ke iya bayarwa tana da iyaka, kyamarori kuma sun fi sha in sun kunna fitilunsu na ganin duhu. In duk ƙofofi suka faɗi tare, a duba ondiler, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta, musamman daidai lokacin da ake juyawa daga kuran zuwa gurup. Gidaje da yawa sun koyi wannan darasi bayan da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023. In rajista na kukan cewa tana ganin na'ura ɗaya a ƙofofi biyu, fitilu duka suna ƙyaftawa kamar mahaukata, to wani ne ya ga kabul na reto ya cusa shi cikin ƙofar da ba kowa, ya yi zagaye. Wasu akwatuna kuma suna hukunta ƙofa da kansu: na kamfanin Cisco da yawa, in ƙofa ta faɗi sau 5 cikin daƙiƙa 10, sukan rufe ta har sai an buɗe da umarni, mai gyara ya yi ta sauya kabul a banza. Akwai kuma dabarar tsimin wuta ta 2010, wadda ke sa layi gyangyaɗi in ba saƙo. Wasu na'urori ba su farkawa daidai, kashe dabarar a ƙofar shi ne magani. Ƙurar hunturu da ɓeraye kuwa ba sai an yi dogon bayani ba.

Ga ma'aikatan da ke zama cikin kwamitin karɓar aiki, akwai abin dubawa a nan. An saba a shiga buro, a ga fitilu sun yi kore, a sa hannu. Koren fitila ba ta cewa komai face ciniki ya faɗa a wannan daƙiƙa. Ba laifi ba ne, kuma ba tsada, a rubuta cikin takardar kwangila cewa kabul jan ƙarfe ne zalla, a kawo sakamakon gwajin kowane layi da tsawonsa, a liƙa lamba a kan kowane kabul gefe da gefe, a miƙa kalmar sirri cikin ambulan ga shugaban ma'aikata. Ɗan kwangilar kirki ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya ji haushi ya ba da amsa tun kafin a tambaye shi.

Kwana uku ƙofa ta 18 ba ta faɗi ba. Ƙidayar CRC ba ta koma sifiri ba, tana ɗan motsawa da rana, domin tsawon na nan, alminiyom na nan. Matashiyar ta gaya wa Alhaji cewa gyara na gaskiya shi ne a ja zaren gilashi tsakanin buro da mangaza cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa. Shi haske yake ɗauka, ɗaruruwan mitoci ba su dame shi ba, kuma ba ya jan tsawa. Kabul na ƙarfe da ya haɗa gini biyu kuwa, in aradu ta faɗi kusa, yana iya kwaso ta ya kai har cikin kabad, ya ƙone ƙofa ko akwatin ɗungum. Alhaji ya tambayi kuɗin, ya ce zai yi shawara. Da ta tambayi wanda ya ja tsohon kabul ɗin, sai ya ce wani yaro ne na gida, ya kawo zancen farashin sukari.

Wata ya mutu, akawu ya karɓi albashinsa, ba wanda ya ce masa komai, ba wanda ya ba shi haƙuri. Ƴan dako dai sun daina yin shiru in ya wuce. Kwamfutar da aka cire tun farko, mai lafiya, tana cikin kwali a bayan buhunan shinkafa. A cikin ƙyauren kabad an liƙa takarda mai nuna inda kowace ƙofa ta nufa, kalmar sirri kuma tana cikin asusun ƙarfe na Alhaji. Har farkon watan Yuni ba a haƙa ramin bututun ba, hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas.